HAƘƘIN HANYA DA HAƘƘIN MAƘWABCI: NASIHA GA MASU TARE TITI DA DURO DA TSOHUWAR TAYA

Da sunan Allah nake farawa, kuma gare Shi nake neman taimako. Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki da Ya shimfiɗa mana ƙasa, Ya sanya hanyoyi a cikinta domin bayinSa su fita neman halaliyarsu, su sada zumunci, su tafi masallaci. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Wa'azinmu na wannan karo a kan wani al'amari ne wanda mutane suka ɗauke shi ƙarami, alhali kuwa yana raba zumunci, yana jawo zub da jini, yana kai bayin Allah ofishin 'yan sanda. Watau rigimar da ke tashi a unguwanni tsakanin masu aikin gini da maƙwabta, a kan tare gefen titi da kama wurin ajiye mota.

DALILIN WANNAN NASIHA

Ba labari aka ba ni ba, a layinmu abin ya faru, a kan idona. Wani bawan Allah ya tashi ɗora bene a kan gidansa, ya ba da kwangila. Tun daga ranar da aka fara aiki, kullum da magariba sai leburori su jera duro huɗu da tsofaffin tayoyi a gefen titi, su ɗora katako a kai, wai wurin tifa ne da motar ɗan kwangila. Wurin da suka tare kuwa ya wuce iyakar gidan da ake ginawa, ya ci ƙofar gida biyu na maƙwabta. Haka aka yi mako uku, ko tifa za ta zo, ko ba za ta zo ba, duro yana nan, kuma ba wanda ya taka ya ce wa maƙwabtan nan ku yi haƙuri.

Ran nan wani saurayi direban a-daidaita-sahu, wanda ya saba ajiye abin hawansa a ƙofar gidan mahaifinsa, ya dawo da dare a gajiye, ya ture duro ɗaya, ya ajiye, ya shiga gida. Da gari ya waye tifa ta iso da yashi, ba ta sami wurin juyawa ba. Leburori suka sace iskar tayoyin keken nan duka uku, wani ya fasa gilashin gaba. Ƙanen direban ya fito a fusace, ya ɗauki shebur ya sheme wani yaro lebura a ka, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, ci-rani kawai ya zo daga ƙauye. Daga nan sai asibiti, sai caji ofis, sai neman kuɗin beli.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, direban nan da mai ginin nan, a sahu ɗaya suka yi sallar asuba a wannan rana, kafaɗa da kafaɗa. Bayan rigimar gidajen biyu suka daina gaisawa, ɗayansu har ya sake masallaci. Ana cikin haka sai Allah Ya yi wa wata tsohuwa rasuwa a cikin lungu. Da aka fito da makara, sai da aka ɗaga ta sama aka tsallake tulin yashi da ita, mutane suna tuntuɓe da bulo. A ranar na ce lalle ne a yi magana, domin yin shiru a kan wannan ya zama laifi a wuyanmu.

FASALI NA FARKO: HANYA TA WA CE?

Ka sani, ya ɗan'uwa, hanya a shari'ar Musulunci haƙƙi ce ta jama'a baki ɗaya. Mai kuɗi da talaka, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, ɗan unguwa da baƙo, makaho da mai ido, duk rabonsu ɗaya a cikinta. Ba gadon mai gini ba ce, ba kuma gadon wanda ƙofarsa ta buɗe a kanta ba ce.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya gargaɗi sahabbai a kan zama a bakin hanya. Da suka kawo uzurin cewa nan ne majalisarsu, ba su da wata, sai ya yarje musu bisa sharaɗin su ba hanya haƙƙinta, ya kuma lissafa abubuwa biyar: runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umurni da kyakkyawa, da hani ga mummuna. To, ka duba fa. Zama kawai, mutum da jikinsa, wanda in an ce masa gafara zai matsa, sai da aka gindaya masa sharuɗɗa biyar. Ina ga wanda ya kafa duro ya tafi gida ya yi barcinsa? Duro yana jin gafara ne? Yana amsa sallama?

Har faɗin hanya sai da shari'a ta yi magana a kai. Abu Huraira (R.A.) ya ruwaito, kuma yana cikin Bukhari da Muslim, cewa Annabi (S.A.W.) ya yi hukunci idan mutane suka yi jayayya a kan hanya, a bar mata kamu bakwai. Kamu bakwai a awon yau mita 3 ne da 'yan kai. Malamai sun ce hikimar wannan ita ce raƙumi mai ɗauke da kaya ya shiga ya fita ba tare da takura ba. Yanzu ka auna da kanka: faɗin tifa kusan mita 2 da rabi ne. Idan ta tsaya a lungu mai kamu bakwai, abin da ya rage wa bayin Allah bai kai mita 1 ba. Ta nan motar asibiti za ta bi da mai naƙuda? Ta nan 'yan kwana-kwana za su shiga idan gobara ta tashi?

Wani zai ce, "Haba Malam, ɗan wuri kaɗan ne fa." To, saurara. Wata mata mai suna Arwa 'yar Uwaisu ta kai ƙarar sahabi Sa'idu ɗan Zaidu (R.A.), ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, wurin Marwanu ɗan Hakamu a Madina, ta ce ya ci mata fili. Sa'idu ya ce ina shi ina cin filinta, bayan ya ji Manzon Allah (S.A.W.) yana bayyana cewa wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai ranar ƙiyama. Labarin yana cikin Sahihu Muslim. Idan taƙi ɗaya na mutum ɗaya wannan ne hukuncinsa, to wanda ya ci na jama'a, wa zai nema wa afuwa, wa zai bari? Mai wucewa nawa ne ya yi kwana ya koma saboda duron nan? Ka san sunayensu?

Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya faɗa a littafinsa Al-Ahkamus Sultaniyya, a babin hisba, cewa idan mutane suka yi gini a kan hanyar jama'a, a hana su ko da hanyar tana da faɗi, a kuma rushe ginin ko da masallaci ne, domin an yi hanya don wucewa ne. Ka ji fa, ɗakin Allah ma ba a ba shi wannan dama ba, balle motar ɗan kwangila.

Ko a dokar ƙasa haka abin yake. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, amana ga jama'a, kuma takardar filin da ke hannun mutum ta tsaya ne a iyakar da aka auna masa. Ɗauko taswirar filinka ka duba, ba za ka ga titi a ciki ba.

FASALI NA BIYU: HUKUNCIN KAMA WURI

Ƙa'idar shari'a a kan wuraren da jama'a suka yi tarayya a cikinsu ita ce, wanda ya riga zuwa shi ya fi cancanta, muddin yana amfani da wurin, kuma bai cuci kowa ba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Nana A'isha (R.A.) cewa an nemi a gina wa Manzon Allah (S.A.W.) wurin da zai ba shi inuwa a Mina, sai ya ƙi, ya nuna cewa Mina wurin gurfanar da raƙumi ne ga duk wanda ya riga isa. Tirmizi ya kyautata hadisin, ko da yake waɗansu malamai sun yi magana a kan isnadinsa, amma dai ma'anarsa malaman fiƙihu sun yi aiki da ita. Raƙumi shi ne motar wancan zamani, wurin gurfanar da shi kuwa shi ne abin da ku samari kuke kira fakin. Fiyayyen halitta bai yarda a keɓe masa wuri ba. Kai wane ne?

Muslim ya ruwaito cewa wanda ya tashi daga mazauninsa sa'an nan ya dawo, shi ya fi cancanta da wurin. Waɗansu sukan kafa hujja da wannan, su ce ai tun jiya muke nan. Sai mu ce musu, malamai sun fassara hadisin a kan wanda ya tashi don wata 'yar buƙata, kamar sake alwala, da niyyar dawowa nan da nan. Ba su ce mutum ya tashi da la'asar ya bar dutse yana gadin wuri har gobe da hantsi ba. Saboda haka ne Shaihul Islam Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan Hijira, ya yi fatawa cewa abin hani ne mutum ya aika da dardumarsa masallaci ranar Juma'a a shimfiɗa masa a sahun farko alhali shi yana gida, domin ya ƙwace wurin daga wanda ya riga shi zuwa da jikinsa. Mu nan duk mun yarda da wannan fatawa, muna ma karantar da ita. To, mene ne bambancin darduma a sahun farko da duro a bakin titi? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kada ka ce wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A birnin Shikago na Amurka, idan dusar ƙanƙara ta sauka, mutum yakan share wurin motarsa ya ajiye kujera don kada wani ya shiga, kuma ana samun faɗa da ɓarnar motoci a kan haka, alhali dokar birnin ba ta ba shi wurin ba. A Landan kuwa, mai gini da yake son a keɓe masa wurin ajiye mota a bakin titi, sai ya nemi izni daga ƙaramar hukuma, ya biya kuɗi, a kafa allon sanarwa mai ɗauke da ranar farawa da ranar gamawa tun kafin lokacin. Abin lura a nan shi ne, keɓe wuri a kan hanyar jama'a aikin hukuma ne, tare da sanarwa da ƙayyadadden lokaci, ba aikin wanda ya fi ƙarfi ba ne. Malamanmu sun riga su faɗin haka da ɗaruruwan shekaru, domin sun sanya lura da hanya a cikin ayyukan mai hisba.

FASALI NA UKU: MAI GINI MA YANA DA HAƘƘI

Kada wani ya ji wannan bayani ya tafi ya ce Malam ya haramta sauke yashi a ƙofar gida. Ban faɗi haka ba. Addinin nan na adalci ne. Gini lalura ce, kuma gidan da kake kwana a ciki, wata rana shi ma tifa ce ta kawo yashinsa, wani ne ya yi haƙuri da ƙurarsa. Magini da birkila da kafinta da lebura halaliyarsu suke nema da guminsu, sun fi mai zaman kashe wando a bakin titi sau dubu. Kuma duk wanda ya san aikin ya san siminti idan aka kwaɓa shi ba ya jiran kowa, nan da nan yake fara kamewa. Ranar zuba kankare, in tsakuwa ta makara ko injin kwaɓa bai sami wurin tsayawa ba, hasarar mai yawa ce.

Shi dai Mawardin nan ya ce idan mutane suka ajiye kayan gini a kan hanya domin su riƙa kwashewa kaɗan-kaɗan, a ƙyale su matuƙar masu wucewa ba su cutu ba, in kuwa sun cutu a hana su. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, a cikin Ihya'u Ulumid Din, inda ya lissafa munanan ayyukan da ake yi a tituna, ya ambaci ɗaure dabbobi da jibge itace da kaya ta yadda za su ƙuntata hanya. Amma ya togace gwargwadon abin da mutum yake buƙata ya hau ko ya sauka, ko ya kwashe kayansa zuwa cikin gida, domin wannan buƙata ce ta kowa da kowa. Ma'auni ke nan: gwargwadon buƙata, da gwargwadon lokaci, ba tare da cuta ba. Tsayuwar tifa ta sa'a ɗaya ta juye kaya, haƙƙi ne. Duro na mako uku, ƙwace ne.

Kai kuma maƙwabci, ka ji naka. Abu Huraira ya ruwaito, yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, cewa Annabi (S.A.W.) ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itacen rufi a jikin bangonsa. Bangonka ne fa, da kuɗinka ka gina, amma aka ce ka yi sauƙi. Haka kuma Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya wuce da magudanar ruwan ban-ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Da magana ta je gaban Sayyidina Umar (R.A.), ya ga abin zai amfani mai nema, ba zai cuci mai gona ba, sai ya tilasta a wuce da ruwan. Idan a cikin mallakar mutum an yi wannan, ina ga titin da ba naka ba? Don haka in mai gini ya zo da ladabi ya ce, "Baba, gobe za mu zuba kankare, don Allah a taimaka a matsar da mota zuwa azahar," ka hana shi don ƙeta kawai, kai ne mai laifi.

FASALI NA HUƊU: ƘOFAR GIDANKA DA RAMUWAR GAYYA

Malamanmu na Malikiyya sun yi dogon bayani a kan filin da ke ƙofar gida, wanda suke kira fina'i. Cikin waɗanda suka yi rubutu a kai akwai Ibnur Rami, mutumin Tunis na ƙarni na 8 bayan Hijira, wanda shi kansa magini ne, alƙalai suna aika shi ya duba rigingimun gini, ya kuma rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gine-gine. Taƙaitaccen bayaninsu shi ne, maigida ya fi kowa cancantar amfani da ƙofar gidansa, ya zauna, ya sauke kaya, ya tsayar da abin hawansa, muddin bai takura wa masu wucewa ba. Amma ba shi da ikon ya katange wurin ya haɗa da gidansa. Saboda haka mai gini da ya tare ƙofar gidan wani ba da izninsa ba, ya yi laifi biyu: ya ci haƙƙin hanya, ya ci haƙƙin maƙwabci. Shi kuma maigidan da ya kafa ƙarafa da sarƙa a titi ya ce nan nawa ne har abada, shi da mai duro jirgi ɗaya ya kwaso su.

To, idan an cuce ka fa? Hadisi na 32 cikin Arba'una Hadisi na Nawawi, wanda yawancinku kun haddace tun a makarantar Islamiyya, ya hana a fara cuta, ya kuma hana a rama cuta da cuta. Sace iskar taya haramun ne. Karce fentin mota da ƙusa haramun ne. Zuba ƙusoshi a hanyar tifa, kwashe bulon mutane da dare, zagin uwa da uba, duk haramun ne, kuma zaluncin da aka yi maka bai halatta maka ko ɗaya ba. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe, mala'iku suna la'antarsa har sai ya bari. Nuni kawai ke nan, ina ga wanda ya ɗaga shebur ya sauke a kan mutum? Allah Ya gaya mana a aya ta 58 ta Suratul Ahzab cewa masu cutar da muminai maza da mata a kan abin da ba su aikata ba, sun ɗauki zunubi bayyananne.

FASALI NA BIYAR: WA ZAI BIYA IDAN AN YI ƁARNA?

Imam Malik, wanda ya rasu a 179 bayan Hijira, ya yi bayani a littafin diyya na Muwaɗɗa cewa wanda ya haƙa rijiya a hanyar Musulmi, ko ya ɗaure dabba, ko ya yi wani abu makamancin haka wanda ba shi da iznin yinsa, to shi ke da lamunin duk rauni ko ɓarnar da ta biyo baya. Amma abin da ya halatta gare shi, kamar mutum ya sauka daga dabbarsa ya tsayar da ita don wata 'yar buƙata, babu biya a kansa. Ka ga ke nan idan mai babur ya zo da dare ya afka wa duron da ka kafa ba fitila ba alama, ya karye, ko yaro ya faɗa kan rodin da ka bari a titi, kada ka ce tsautsayi ne ka wuce. Ƙaddara gaskiya ce, amma lamuni yana wuyanka, in ka kuɓuta a nan ba za ka kuɓuta a can ba.

Kai kuma ɗan'uwa lebura, na san abin da za ka ce: "Maigida ne ya sa ni, in na ƙi ya sallame ni." Na tausaya maka, kuma mafi girman alhakin yana kan wanda ya ba da umurni. Amma ba a yi wa wani mahaluƙi biyayya a cikin saɓon Mahalicci. Ka ce masa, "Yallaɓai, mu fara sanar da masu gidan nan tukuna." Kuma ka tuna, ranar da faɗa ya kaure, shi yana cikin mota da gilashi a rufe, kanka ne a waje.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Tun ran gini tun ran zane. Kafin a sauke bulo ɗaya, mai gini da kansa, ba yaronsa ba, ya zaga gidajen maƙwabta da mai unguwa, ya yi sallama ya ba su haƙuri, ya faɗa musu tsawon lokacin aikin. Abin da yake buƙatar iznin hukumar tsara birni, ya je ya nema. A sanar da ranar zuwan tifa tun jajibere, a tare wurin da safiyar ranar kawai, a kuma tsayar da mutum mai baki a wurin, wanda zai ba da haƙuri ya matsar da kaya idan lalura ta taso. Da an gama juyewa a kwashe yashi da tsakuwa a shigar ciki, a share titi, kada a bari su toshe kwata ruwan sama ya koma gidajen mutane. Motar ɗan kwangila da baburan ma'aikata ba su da wani fifiko, su nemi wuri kamar kowa. Kuma a kowane hali a bar inda mota za ta wuce.

Idan aka saɓa, kada ka ɗauki hukunci da hannunka. Ka yi magana da mai ginin cikin sirri, in bai ji ba ka je da shaidu wurin liman da mai unguwa, in abin ya faskara sai hukuma. A haka aka kashe wutar layinmu. Dattawa suka zaunar da su, mai gini ya biya gilashi da kuɗin kwanakin da keken ya yi bai fita ba, gidan direba suka biya maganin yaron nan suka nemi afuwarsa. Aka yarda ba a sake kafa duro sai safiyar ranar kawo kaya, kuma a daren jajiberen direban ya shigar da kekensa cikin harabar mai ginin ya kwana. Maganar da ba ta ci rabin sa'a ba, da an yi ta tun farko, da jini bai zuba ba.

RUFEWA

Ya ku 'yan'uwa samari masu kishin Sunna, ku ji tsoron Allah. Muna ɗage wando, muna tsayar da gemu, muna daidaita sahu, duk wannan daidai ne, Allah Ya ba da lada. Amma wanda ya koya mana waɗannan, shi ne ya sanar da mu cewa imani rassa ne saba'in da 'yan kai, kuma mafi ƙanƙantarsu kawar da abin cutarwa daga hanya. Wanda ya kasa riƙe reshen ƙasa, har ma shi ne mai ɗora cutar a kan hanya, da wane baki zai yi wa mutane wa'azi? Bukhari da Muslim sun kawo labarin mutumin da ya janye reshen ƙaya daga hanya, Allah Ya gode masa Ya gafarta masa. Abu Dawud kuma ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Anas cewa a wani yaƙi mutane sun cunkushe masauki sun tare hanya, sai Annabi (S.A.W.) ya aika mai shela ya sanar cewa wanda ya yi haka ba shi da jihadi. Mutanen da suka fita da ransu saboda Allah ke nan, tare hanya ta yi barazanar cinye musu lada.

Ka tuna wasiyyar da Mala'ika Jibrilu ya yi ta nanata wa Annabi (S.A.W.) game da maƙwabci, har ya zaci za a ba shi gado. Ka sake karanta aya ta 36 ta Suratun Nisa'i, ka ga yadda Allah Ya jera kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa da matafiyi bayan umurni da tauhidi da kyautata wa iyaye. Ginin zai ƙare, ɗan kwangila zai kwashe kayansa ya tafi wata unguwa, kai da maƙwabcinka kuna nan. Shi zai fara jin ihunka in ɓarawo ya shigo, kuma watakila shi zai kama makararka. Idan akwai wanda kuka daina gaisawa a kan irin wannan rigima, shari'a ba ta ba ka fiye da kwana uku ba. Ka je yau ka yi masa sallama. In kuma kana da duro a titi, ka ɗauke shi kafin ka kwanta.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Allah Ya raba mu da haƙƙin bayinSa, Ya sanya albarka a cikin sana'o'inmu da gidajenmu, Ya zaunar da unguwanninmu lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.